Yadda Baba ya kwanta a ƙasa a bayan otel

Amira, a waya nake rubuta miki wannan, cikin taksi tsakanin unguwar Banifandu da biro, wato ofis ɗinmu a nan Yamai, saboda haka in kin ga magana ta yi tsalle, rami munka faɗa. Yanzu ko baƙi ɗaya ba ki iya karantawa ba, amma na san kafin ki iya, Gwaggo Mariya za ta riga ni ba ki labarin nan, kuma yadda take ba da shi ba haka anka yi ba. Ita cewa take uwarki ta kwantar da ubanta cikin ƙasa gaban maza, ana ta dariya, don dai a yabe ta wurin aiki. To, kwanciya ya kwanta. Dariya ma an yi. Amma bari ki ji yadda anka kai can.

A shekarar ina aiki a wata ƙungiya mai koya ma mutane taimakon gaggawa, wato abin da za ka yi ma wanda ya yi hatsari kafin 'yan pompiye, masu kashe gobara da ɗaukar masu rauni, su iso. Daga teburin bakin ƙofa na fara, ina raba baj ɗin suna da bik ɗin rubutu da ruwan gora, ina leƙen masu koyarwa ina cewa a raina ai ni ma na iya. Da shef ɗinmu, wato shugabarmu Madam Zainabu, ta ce in gwada, ba ki ga rawar kai ba. Atelye na farko, wato zaman koyarwa, da matan kasuwa ne. Na sa anka kashe fitilu, na kunna projektar, na ba su baya ina karanta abin da ke bango da Faransanci, ina juya musu da Hausa. Ni a ganina ilimi nake zubawa. Da na waiwayo, wasu na gyangyaɗi, wasu na cinikin atamfa ta waya, ɗaya ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kujerar gabanta. Bayan abincin rana kujeru sun fi mutane yawa. Na ce to, na gane, wasa ake so. Na yi ta kallon bidiyo a waya, na ga yadda ake yi a wasu ƙasashe: a yi da'ira, a jefa ƙwallo, wanda ya cafe ya faɗi sunansa da dabbar da ya fi so. Atelye na biyu, da telolin unguwar Lazare, na zo da ƙwallona. Na jefa ma wani Alhaji mai farin gemu. Ko hannu bai ɗaga ba. Ƙwallon ta bugi ƙirjinsa, ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin tebur, kowa na bin ta da ido.

"Ɗiyata," ya ce, "bara na aurar da jikata. Ki nemi wanda za ki yi wasa da shi."

Ya gyara hula ya fita, rabin sal, wato ɗakin taron, ya bi shi. Kashegari Madam Zainabu ta kira ni.

"Rabi, zauna. A'a, tsaya ma, ba doguwar magana ba ce. Saura ɗaya. Direbobin taksi, kwana biyu, wata mai zuwa. In sal ya sake watsewa a hannunki, kin koma rabon baj, kuma ba ni sake ɗaga maganarki."

"To mi zan yi musu, Madam? Na karanta, sun yi barci. Na yi wasa, sun yi fushi."

"Manya ne, ba yara 'yan lakwal ba. Babba ba ya zama sai ya san abin da zaman zai tsinana mai, kuma ba ya son a yi mai kamar bai san komi ba. Sauran ke za ki nemo."

Yanzu in gaya miki wani abu game da kakanki, don ke da wasa da alawa kinka san shi. Direban taksi ne tun kafin a haife ni, kuma a tasharsu ta Lazare shi ne babba, in ya tashi an tashi, in ya zauna an zauna. Ni kuma 'yar farinsa ce. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanenmu na Gobir. In yana son ruwa ina tsaye gabansa, Inna zai ce ma, "Ki ce mata ta kawo ruwa." Ranar da na ci jarrabawa, ƙanena ya aika da tsire a ba ni, shi ya tafi masallaci. Haka munka tashi, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai a watan nan. Wata rana bayan magariba yana kan tabarma da rediyonsa, ina wanke-wanke, na ji yana ce ma Inna:

"Wai an kira mu otel, yara za su koya muna ɗaukar mai rauni. Ni da na ɗauki mutane a hanya tun waɗanga yaran ba su san hannun damansu ba."

Inna ta kalle ni. Na sunkuyar da kai cikin roba.

"Ai ɗiyarka ce malamar," ta ce.

Baba ya murɗa rediyo, ya wuce tasha, ya dawo, ya sake wucewa.

"Ki ce mata, in anka ce in tashi in yi tahi da hannu, ni ba ni yi."

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In rage diyapo, wato shafukan da ake haskawa a bango, in ƙara, in cire rubutu in sa hoto, in maida rubutun. Na je wurin Madam na ce a ba wani wannan atelyen, ta ce babu wani. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Na yi tunanin in roƙi Inna ta hana shi zuwa, sai na tuna in bai zo ba, babu mai zuwa.

Ranar ta zo. Sal ɗin otel sanyi kamar firiji, an baza banderol, doguwar tuta mai sunan taron, an jera tebura da farin ƙyalle. Jawaban buɗe taro sunka cinye rabin safiya. Direbobi kuwa, Amira, mutane ne da ba su saba zama a kujerar da ba ta tafiya ba. Kowa da makullin mota a yatsa, yana kaɗawa. Baba ya zauna can baya, ya karkata kujerarsa wajen taga don kada idonmu ya haɗu. Kusa da shi Baba Hamani, abokinsa na tasha, Bazabarme. Kin san Gobirawa da Zabarmawa abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya faɗa ma ɗaya ba a fushi. Tun ina ƙarama nake jin su biyun suna kiran juna bawa, kowa na cewa shi ya sayi ɗan'uwansa. Na kama mikro, na gaishe su da Hausa da Zabarmanci, na fara. Ban kashe fitila ba wannan karon, ban ba su baya ba, hotunan ma masu kyau ne. Duk da haka ƙarar makullai sai ƙaruwa take. Waya ta yi ƙara, wani ya amsa da ƙarfi, "Ina nan zuwa, Hajiya, an tsare mu ne." Wani ya ɗaga hannu, na ji daɗi, na ce ga tambaya ta farko.

"Madam, ƙarfe nawa za a sallame mu?"

Lokacin poz-kafe, hutun shan kofi, ina bayan ƙofa ina shan ruwa, na ji biyu na magana da baki cike da burodi.

"Mu ci na rana mu kama gabanmu. Fasinja na can na jira a rana."

"Sai abin da tsoho ya ce."

Tsohon da suke nufi ubana ne, kuma na ga fuskarsa, na san abin da zai ce. Na leƙa ta tagar da yake kallo tun safe, in ga mi ke can. Motocinsu ne, jere a bayan otel ƙarƙashin dogon yaro. Na ajiye kofi na nufi Madam.

"Ina son in fitar da su waje."

"Waje ina?"

"Wurin motocinsu."

"Rabi, wakilin masu ɗaukar nauyin aikin nan na zuwa kafin azahar. Sal zai zo gani, da banderol, a yi hoto."

"In na bar su a nan, Madam, da kujeru zai yi hoton."

Ta kalle ni har na fara nadamar bakina.

"In kin fitar da su, ke kinka fitar da su. Ni ban sa ki ba."

Na kashe projektar na ce kowa ya biyo ni. Da munka fita sai ka ce wasu mutane anka canza mini. Wannan ya jingina da motarsa, wancan ya hau kan bonet, wani ya buɗe but ya fito da gawayi da butar shayi. Babu mikro, sai da na ɗaga murya. Na ce ni ban taɓa isa wurin hatsari kafin kowa ba, ko sau ɗaya, to a cikinku wa ya taɓa? Kusan duka sunka ɗaga hannu. Na ce a ba ni labari. Sunka fara, wani na katse wani: mai babur da ya shiga ƙarƙashin tirela, mace da goyonta a bakin gada, bas da ta kife da damina. Abin da ya fi mini wuya a ranar shi ne rufe bakina, don kowane labari ina da diyapo a kansa. Na daure. Da sunka ɗan lafa na ce to, a nuna mini yadda ake yi, a nan, a ƙasa. Wani direba ya kwanta gefen taya kamar an buge shi. Ban zaɓi kowa ba, wallahi ban zaɓa ba. Su sunka ce, "Tsoho, bismilla." Baba ya naɗe hannun riga. Cikin sauri, kamar mai canza taya, ya sa hannu ƙarƙashin hammatar mutumin, ya ja shi ya zaunar, kan mutumin na lilo, ya yayyafa mai ruwa a fuska, ya kai mai gora baki. Kowa ya gyaɗa kai. "Haka ne. Haka ake yi."

Amira, abin da munka tara su don su daina, shi ne ya yi, tun daga farko har ƙarshe. Mutumin da wuyansa ko ƙashin bayansa ya taɓu, in ka ja shi ka zaunar haka, yana iya rasa tafiya har abada, ba don motar ba, don hannunka. In na yi shiru, sun tafi gida da shaidar cewa malama ma ta gani ta yarda. In na buɗe baki na ce Baba ba haka ba ne, gaban mutanen da yake shugabanta, ni da ko sunana ba ya kira, to zai sauke hannun rigarsa ya shiga mota, sauran su bi shi, kuma ban san da wace fuska zan shiga gida ba. Madam na tsaye a bakin ƙofa, hannu a harɗe. Sai muryar Baba Hamani daga kan bonet:

"Kai Bagobiri! Ko buhun gero ba a ja haka. Allah ya sa kada in faɗi a gabanka."

"Kai in ka faɗi, wa zai ɓata lokacinsa?" Baba ya ce. "Sai dai a share hanya."

Anka fashe da dariya, har da Baba. Shi Baba Hamani ba don ya san wani abu ya faɗa ba, neman tsokana ne kawai, shi ma haka yake ɗaukar mai rauni. Amma na ga abin da ban gani ba duk watan: ga mutum ɗaya a duniya da zai ce ma ubana ka yi ba daidai ba, ubana ya yi dariya. Na je wurin mai shayi na ari ƙaramin kofin gilas, na cika shi da ruwa.

"Baba Hamani, ina roƙon arziki. Ka kwanta muna."

"Ni? Ɗiyata, mi na yi miki?"

"Gobirawa za su ɗauke ka su kai ka cikin mota. In sun iya."

"A'a, to wannan sai na gani!"

Anka shimfiɗa mai tabarmar salla, ya kwanta yana faɗin a gaya ma iyalinsa ya yafe musu. Na ɗora kofin a goshinsa. Na ce wannan kofin shi ne wuyan mai rauni. In ruwa ya zube, jijiyar da ke cikin ƙashin baya ta taɓu, mutum ya rasa ƙafafunsa. Ban ƙara komi ba, na ja baya. Baba da mutanensa sunka kama, mai hannu, mai ƙafa. Ko ɗaga shi ba su gama ba kofin ya kife, ruwa ya shiga hancin Baba Hamani.

"Wayyo! Bagobiri ya kashe ni! Ku shaida, da gangan ne, motata yake so!"

"Kanka ne ba shi da daidai," Baba ya ce. "Kan Bazabarme ko tulu ba ya zama a kai."

"To kwanta mu nuna maka aikin 'ya'yan sarauta. Ko tsoro kake ji gaban ɗiyarka?"

Wannan kam ban shirya shi ba. Baba ya tsaya yana kallon tabarmar. Sai ya cire hularsa ya miƙa ma na kusa da shi, ya kwanta, rabin jikinsa a tabarma, rabi a ƙasa, cikin farar rigarsa ta zuwa taro. Ban iya matsawa kusa ba. Na miƙa ma Baba Hamani kofin, shi ya ɗora mai. Zabarmawa sunka kama da ƙarfin hali, sunka zubar fiye da na farko. Daga nan abin ya fita hannuna. Gardama ta tashi, Hausa da Zabarmanci a haɗe. Wani ya ce masu ƙafa ne ke riga ɗagawa. Wani ya ce a'a, kai ne ba mai riƙewa. Ni aikina cika kofi da jefa tambaya: to wa zai riƙe kan? Da hannu ɗaya ko biyu? Wa zai ce a ɗaga? Sunka gwada, ya zube. Sunka sake, ya ragu. Wani ya ce ai mutum lanƙwashewa yake, sai an sami abu mai tauri a sa ƙarƙashinsa. Wani kuma ya tsaya ya ce, to in dai haka abin yake da wuya, in ba wuta ko mota ke zuwa kansa ba, mi ya sa za a ɗaga shi ma? A riƙe kansa a kira pompiye mana. Wannan ita ce maganar da ke kan diyapo ɗina mafi girma, da jan rubutu, kuma ba ni na faɗe ta ba.

Baba ya tashi zaune yana goge fuska. Bai kalle ni ba.

"Hamani, tambayi malamarku. Ruwan sha hwa? Mutum na kuka yana son ruwa, a hana shi?"

"Malama, kin ji bawana."

"Baba Hamani, ka ce mai a jiƙa mai leɓe kawai. In ya sha yana iya shaƙewa, kuma in aiki za a yi mai a asibiti, ruwan cikin zai ba likita wahala."

"Ka ji, ko in juya maka da Gobiranci?"

"Na ji," Baba ya ce.

Ana cikin haka wakilin ya zo. Ya tarar da sal babu kowa, sai banderol da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki. Da anka kawo shi baya, ya ga dattawa jiƙe-jiƙe cikin ƙura suna ihu, ya tsaya kaɗan, ya duba agogo, ya tafi. Da yamma Madam ta tsare ni. Akwai wani babban taro da za a yi a wata ƙasa, wanda da an sa sunana, na riga na yi fasfo, na ɗinka kaya. Ta ce an cire ni, wakilin ya ce ba a bi tsarin da anka amince da shi ba. Ta ce maganar rabon baj kuma tana nan, don yau sun zauna ne saboda dariya, gobe za a gani in sun dawo. A gida na tarar labari ya riga ni. Gwaggo Mariya na tsakar gida riƙe da rigar Baba, tana nuna ma Inna bayanta.

"Dubi! Dubi abin da boko ya yi muna. Ɗiya ta sa ubanta birgima gaban 'yan tasha."

Baba na kan tabarma, ko rediyon bai kunna ba. Na gaishe shi, ya amsa ma bango kamar kullum, amma ban iya gane ko kamar kullum ɗin ne ba. Taron ƙasar waje ya tafi, wannan na san shi. Abin da ban sani ba shi ne ko na haɗa da aikin da uban duka na zubar.

Da safe kafin in fito ya riga ya fita, ba sallama. Taksi ya yi wuya, wanda na samu kuma sai da ya zaga rabin Yamai yana sauke mutane. Na shiga otel da gudu, na tura ƙofar sal. Babu kowa. Fararen tebura, gorunan ruwa a jere ba wanda ya taɓa, Madam ita kaɗai a kujerar gaba tana danna waya. Na ce shi ke nan, tsoho ya ce a tashi. Madam ba ta ɗago ba, ta nuna taga da haɓa.

Motoci sun cika bayan otel har sun toshe hanyar shiga, da fuskokin da ban gani ba jiya. A tsakiya ga wani tsohon ƙyauren katako, na gane shi, na ɗakin ajiyarmu ne, igiyar da anka ɗaure shi a kan taksi na rataye har yanzu. Wani sabon zuwa na kwance a kai da kofi a goshi. Baba na durƙushe, tafin hannunsa biyu a kunnuwan mutumin, yana cewa kada wanda ya motsa sai ya ce. Ya ce a ɗaga, anka ɗaga. Kofin bai ko girgiza ba. Da sunka sauke, ya hango ni tsaye da jaka a hannu, ina haki. Ya maida ido kan Baba Hamani.

"Ce ma malama ta makara. Mun gama wanga. Mi ke gaba?"